Mai gidan hayata zai sayar, ni kuma tallafi ne ke cike mini albashi

Assalamu alaikum Anti. Ni bazawara ce, shekarata 37, ina zaune a Bradford da 'ya'yana biyu: namiji ɗan shekara 14, da mace 'yar shekara 9 mai fama da sikila. Shekarata goma sha ɗaya a Ingila, ina da takardar zaman dindindin. Aikin kula da tsofaffi nake yi, awa 30 a mako. Albashina wajen £19,000 ne a shekara, abin da ke shigo mini hannu kuwa £1,400 a wata. Ana cika mini da Universal Credit, tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, kusan £1,200 a wata, £600 a ciki na haya ne. Ga Child Benefit, tallafin renon yara, ga DLA, tallafin yara masu lalura, na yarinyar wajen £320 a wata.

Gidan da muke ciki £750 nake biya. Mai gidan ya ce zai sayar a kan £140,000, kuma ni ya fara yi wa tayi. Na tara £9,000, £3,000 a ciki kwasar adashi ce. Yayana da ke Leicester ya ce zai ƙara mini £5,000. Ya buga lissafi a intanet, ya ce idan na ba da £7,000 kafin alƙalami, biyan wata zai kama £714, bai ma kai hayar ba, don haka wauta ce in ci gaba da azurta wani. Na je bankina, suka ce abin da za su iya ba ni bai wuce £80,000 ba. Na fito jiki a sanyaye.

Yaya ya kuma ce in riƙa ajiye tarin a asusunsa don kada a rage mini tallafi. Sannan muna da gidan gado a Zariya, mu tara, ba a raba ba, ban san ko wannan zai shafe ni ba. Ga zancen riba da ke hana ni barci. Anti, akwai bankin da zai duba tallafin nan ya ba ni bashi? Ina tsoron ganin kaina da yara a titi.

Maman Abba, Bradford

Wa alaikumus salam Maman Abba, ƙanwata. Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya yi wa yaran albarka.

Amsar tambayarki a taƙaice ita ce e, akwai. Bankunan Ingila ba bakinsu ɗaya ba a kan kuɗin tallafi. Wani ba ya kallonsa ko kaɗan, kuma da alama irinsa kika shiga, domin idan kika ninka albashinki sau huɗu da 'yan kai, £80,000 ɗin da suka faɗa za ki samu. Wani yana lissafa tallafin gaba ɗaya, wani rabi ko abin da ya ɗara rabi kaɗan, wani kuma sai in albashi ya fi tallafin yawa. Ƙananan ƙungiyoyin ba da bashin gida da ake kira building society sau da yawa sun fi manyan bankuna sauraro, don a wasunsu mutum ne ke karanta takardunki, ba kwamfuta kaɗai ba. Saboda haka kada hukuncin banki ɗaya ya karya miki zuciya.

Amma ba nan damuwata take ba. Tsorona shi ne ki samu wanda zai ce miki to.

Lissafin Yaya daidai ne a bisa lambobin da ya saka. Bashin £133,000, ruwa kashi 5 cikin ɗari, shekara 30, lallai £714 yake kamawa. Abin da ya tsallake shi ne ba ke kaɗai ke biyan £750 ɗin nan ba. Cikin kuɗin da DWP, ma'aikatar da ke biyan tallafin, ke lissafa miki, £600 an saka shi ne saboda ke 'yar haya ce. Ranar da lauya ya ce ki je ki karɓi makulli, kin tashi daga 'yar haya kin koma mai gida, wannan kason ya tsaya. Universal Credit na biyan haya, ba ya biyan bashin gida.

Bari mu zauna mu yi lissafin da kyau, da ƙa'idojin shekarar 2025/26, ki tuna kuma kowane watan Afrilu ana sauya lambobin. Ba duka £600 ɗin za ki ji a jikinki ba, akwai ɗan sauƙi ta wani gefen. Mai 'ya'ya da ke aiki, akwai wani adadi na albashinsa da ba a taɓawa kafin a fara cire fene 55 daga kowane fam. Ga wanda ake taimaka wa da haya, adadin £411 ne a wata. Ga wanda ba a taimaka masa, £684. Wannan bambancin zai dawo miki da wajen £150. Sannan tarinki na £9,000 ya haura £6,000, don haka yanzu haka ana cire miki £4.35 a kan kowane £250 da ya hau, wato £52.20 a wata, kuma wannan zai daina idan kuɗin ya shige cikin gida. Idan aka haɗa aka cire, tallafinki zai sauko daga £1,200 zuwa wajen £800.

To kin gani. Biyan gida ya ragu da £36, kuɗin shiga ya ragu da £400. Kowane wata aljihunki zai yi ƙasa da abin da ya haura £360, tun ba a zo kan inshorar gini ba, wadda banki zai wajabta miki, tun kuma wani abu bai lalace ba. Yau idan boila, na'urar ɗumama gida da ruwa, ta mutu, waya za ki ɗaga ki kira mai gida, ko da zai ja ƙafa. Gobe ke ce mai gidan. Ni a hunturun farko da na mallaki nawa, cikin watan Janairu tawa ta ce ga garinku nan, na kwana huɗu ina dafa ruwan wanka a tukunya kamar a ƙauyenmu, kafin na haɗa kuɗin sabuwa. Ni ba ni da mai sikila a ɗaki. Ke kin fi ni sanin abin da sanyi ke tayar wa yarinyar nan. Gidanki ba gidan da za a ce a yi haƙuri da ɗumama na mako guda ba ne. Tsofaffin jerin gidajen dutse na Bradford kuwa, masu kyau ne a ido, amma danshi da rufi da tsohuwar waya ba baƙinsu ba ne.

Akwai abu na biyu, kuma shi ne banki mai hankali zai fara dubawa. Abba shekararsa 14. Child Benefit da kason yaro na Universal Credit suna tsayawa bayan ya cika 16 idan ya bar karatu. Idan ya ci gaba da sakandare ko kwaleji za a ƙara masa 'yan shekaru, amma jami'a ba ta ciki. Nan da shekara biyu zuwa biyar ke nan, za ki rasa abin da ya haura £350 a wata ta dalilinsa. Bashin kuma shekara 30 ne, sai kin kai 67 za ki sauke. Shi ya sa wasu bankunan ba sa lissafa tallafin yaron da ya kai wajen shekara 13. Mutane na ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci, ni kuwa gani nake gaskiya suka faɗa. DLA ma, wasu na karɓa, wasu na cewa kuɗin yarinya ne na lalurarta, ba na biyan bashi ba. Idan ta cika 16 kuma sai an koma neman PIP, tallafin lalura na manya, daga farko, da sabon bincike.

Ruwan bashin shi ma ba a daskare yake ba. Yawanci shekara biyu ko biyar ake ƙulle farashi, daga nan sai abin da kasuwa ta ce. A farkon watan Disamban 2021 ruwan Babban Bankin Ingila kashi 0.1 ne, zuwa watan Agustan 2023 ya kai kashi 5.25. Waɗanda wa'adinsu ya ƙare a tsakanin nan sun ji a jikinsu. Naki bashin, idan ruwa ya koma kashi 7, £714 ya zama £885. Tun 2014 hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi, ta ɗora wa bankuna nauyin gwada ko mai neman bashi zai iya jure irin wannan hauhawar, to ke ma ki gwada kanki da alƙalami kafin su gwada ki.

Za ki ji wasu na cewa ai gwamnati na taimakon masu tallafi da bashin gida. Suna nufin Support for Mortgage Interest. Tun watan Afrilun 2018 ya daina zama kyauta, bashi ne da ake ɗora wa gidan, yana tara nasa ruwan, a cire ranar da aka sayar ko aka sauya mai shi. Ruwa kaɗai yake taimakawa da shi, ba ya taɓa uwar kuɗi, kuma da ma'aunin gwamnati ake lissafa shi, ba da na bankinki ba. Igiyar ceto ce ga wanda ya riga ya faɗa rijiya. Ba a shiga rijiya don an ga igiya.

Ra'ayina ke nan a fili: wannan gidan, a wannan farashin, da wannan albashin, kada ki saya yanzu. Ko da dillali ya samo miki bankin da zai haɗa albashi da tallafi su kai £30,000 da ɗoriya, ya ninka sau huɗu da rabi ya taɓo £133,000 da ƙyar, za ki shiga gidan ne ba ki da wurin juyawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san abin da ke tura ki ba kwaɗayin gida ba ne, tsoron titi ne. To ki kwantar da hankalinki kaɗan. Cewa mai gida zai sayar ba takardar tashi ba ce. Yana iya sayar wa wani mai hayar da gidaje kina ciki, yarjejeniyarki ta bi gidan. Idan kuma yana son gidan ba kowa, dole ya ba ki sanarwa a rubuce bisa doka, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da ke, ba shi ba. Dokar 'yan haya ta 2025, wadda aka sa 1 ga Mayun 2026 ta fara aiki a Ingila, ta soke korar da ba dalili, kuma mai son sayarwa sai ya ba da wata huɗu. Ranar da takarda ta zo, ki ɗauke ta ki kai ofishin gidaje na kansul, wato ƙaramar hukumar Bradford, ki kuma nuna wa Shelter ko Citizens Advice, ƙungiyoyin ba da shawara, su duba ko an cika ta daidai, don da yawa ba a cika su daidai ba. Kansul na da nauyin taimaka wa wanda zai rasa muhalli cikin kwana 56, kuma mai ƙananan yara yana cikin waɗanda ake fifitawa. Ki tafi da wasiƙar likitan yarinya. Abu ɗaya: kada kunya ko kara ta sa ki kwashe kayanki da kanki kafin lokaci. Mu Hausawa muna da wannan halin na “ba sai an kai ga haka ba”, amma a can ana iya rubuta cewa ke kika fitar da kanki, taimakon ya ragu.

Ƙofar da nake ganin ta fi dacewa da girmanki ita ce Shared Ownership. Ki sayi wani kaso na gida, daga kashi 10 ko 25 zuwa 75 gwargwadon tsarin gidan, ƙungiyar gidaje ta riƙe sauran kina biyanta haya a kai. Hayar farko yawanci kashi 2.75 ne cikin ɗari na darajar kasonsu a shekara. A ce gida mai ɗaki uku na £180,000, kin ɗauki kashi 30, £54,000 ke nan. Kafin alƙalami kashi 10 na kasonki, £5,400. Bashi £48,600, wanda a kashi 5 na shekara 25 zai kama wajen £284 a wata. Hayar sauran wajen £289. Duka £573. Wannan bashin albashinki shi kaɗai ya ɗauke shi, ko bankin da ya sallame ki ba zai yi gardama ba. Kuma tunda ɓangaren haya haya ce ta gaske, Universal Credit zai ci gaba da lissafa ta, har da wasu kuɗaɗen kula da harabar gida. Da na buga, tallafinki zai tsaya wajen £930, abin da zai rage miki bayan biyan gida kuma zai gaza na yanzu da abin da bai kai £100 ba. Ki ajiye wannan kusa da £360 na ɗazu.

Ba zan yi miki tallansa kamar mai cin kamasho ba, yana da ƙayoyinsa. Hayar na hawa kowace shekara bisa hauhawar farashi da ɗan ƙari a kai. Kuɗin kula da harabar na iya tsalle ba ki da ta cewa, musamman a benaye, don haka ki fi karkata ga gida mai ƙofarsa. A tsohon tsari gyara duka a kanki yake ko da kashi 25 kika mallaka. A sabon tsarin da ya fara daga 2021, ƙungiyar na ɗaukar wasu gyare-gyare a shekara goma na farko, har da £500 a shekara na abubuwa irin boila, don haka ki tambayi wane tsari gidan yake kai kafin ki so shi. Sayarwa na ɗaukar lokaci. Kuma bashin haya idan ya taru yana iya cinye har kason da kika saya. Duk da haka, babu mai buga miki waya ya ce ya yanke shawarar sayar da gidan da 'ya'yanki ke kwana.

Yanzu maganar Yaya da asusunsa. Ki gode masa, ki ce a'a. Kuɗinki ne ko a asusun wa yake, kuma ɓoye shi ga DWP zamba ce a dokarsu. Idan suka gano, za su karɓe duk abin da suka biya fiye da ƙa'ida, su iya ƙara tara, su iya kai mutum kotu. Duk wannan don tsira da £52 a wata? Sannan ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar sayen gida lauya zai nemi tarihin kowane fam. Idan kuɗin ya fito daga asusun Yaya, sai dai ya sa hannu a takarda cewa kyauta ce daga aljihunsa, ƙarya ta biyu ke nan, a gaban banki wannan karon.

£5,000 da zai ba ki da gaske kuwa, Allah Ya saka masa. Amma kada ya turo miki yanzu. Muddin bai ba ki ba, nasa ne, ba ya cikin lissafinki. Idan ya shigo asusunki, tarinki ya zama £14,000, cirewar ta tashi zuwa wajen £139 a wata, kuma kina dab da £16,000, inda tallafin ke tsayawa ɗungurungum. Ya riƙe har ranar ciniki, ku tambayi lauya yadda zai tura masa kai tsaye, da takardar shaidar cewa kyauta ce ba rance ba, da bayanan asusunsa. Idan kuma yana da albashi mai kyau kuma yana son ya yi abin da ya fi haka, akwai tsarin da ɗan uwa ke shiga cikin bashin ba tare da sunansa ya hau takardar gidan ba. Amma ya sani idan kika gaza biya, wuyansa za a kama a kan kuɗin duka, kuma zai rage masa abin da shi zai iya ranta gobe. Irin wannan sai an zauna da matarsa an yi magana. Na ga zumuncin da ya mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Adashi halal ne a dokar Ingila, ba wanda zai tuhume ki don kin yi. Matsalarsa shaida. £3,000 da aka zuba a asusu da tsabar kuɗi rana ɗaya, lauya zai tsaya a kansa, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta ɗora masa tambaya. Ki nemi uwar adashi ta rubuta miki takarda: ku nawa ne, nawa ake zubi, yaushe aka fara, yaushe kika kwasa. Ki ajiye saƙonnin WhatsApp na ƙungiyar. Daga yau kuma kowane zubi ya bi ta banki. Idan da sauran zubi a kanki bayan kwasa, banki zai ɗauke shi kamar bashin da kike biya duk wata, don haka ki bari zagayen ya ƙare kafin ki nema. Haka kuɗin da kike aika wa gida Najeriya: ba laifi ba ne, amma zai fito a bayanan asusu na wata uku zuwa shida da za su karanta, kuma za su cire shi daga abin da suke ganin za ki iya biya.

Gidan Zariya, kin yi kyau da kika ambata, mutane da yawa sai a teburin lauya suke tunawa. A wurin hukumar haraji, mai sayen gidan farko shi ne wanda bai taɓa mallakar gidan zama ba a ko'ina a duniya, kuma gado na ciki. Ta fuskar harajin sayen gida abin bai da zafi: gidan £140,000 ga wanda bai samu rangwamen masu sayen farko ba £300 ne kawai, ƙarin harajin mai gida biyu kuma sai kason mutum ya kai darajar £40,000. Inda zai iya cizo shi ne Lifetime ISA, asusun da gwamnati ke ƙara kashi 25 a kan abin da aka tara har £4,000 a shekara, wanda sai ɗan ƙasa da shekara 40 ke buɗewa. Sharaɗinsa ɗaya ne da na mai sayen gidan farko, kuma wanda ya cire kuɗin ba bisa ƙa'ida ba ana zaftare masa kashi 25 na duka. Kada ki zuba ko fam ɗaya a ciki sai lauya ya duba matsayin gadon. Ƙungiyoyin Shared Ownership ma za su tambaya ko kina da gida a wani wuri. DWP kuma tana ɗaukar kadarar waje a matsayin dukiya, don haka idan ba ki taɓa sanar da su ba, ki je Citizens Advice su taimaka miki ki rubuta. Kason mace ɗaya cikin magada tara a gidan da ba a raba ba, aka juya shi daga naira zuwa fam, da wuya ya yi nauyi. Faɗinsa da bakinki ya fi a tono shi.

Riba. Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba, amma ga abin da ke ƙasa. Akwai bankuna da kamfanoni irin Gatehouse Bank da StrideUp masu tsarin Musulunci: ku sayi gidan tare, kina biyan hayar kasonsu kina kuma saye shi kaɗan-kaɗan har ya zama naki. Hukuma na sa wa irin wannan tsarin ido tun 2007, yanzu FCA ce ke yi, kuma tun 2003 aka cire musu biyan harajin sayen gida sau biyu. Su ma za su auna kuɗin shigarki da tallafinki kamar kowa, kuma sau da yawa biyan watansu ya ɗan fi na sauran tsada, masu yin su kuma ba su da yawa. A 1999 Majalisar Fatawa ta Turai ta yi sassauci ga Musulmin da ke zaune a waɗannan ƙasashe ya ci bashin banki don gidan da zai zauna, idan buƙata ta matsa kuma babu wata hanya. Malamai da yawa ba su yarda da wannan fatawar ba, wasu kuma na cewa tunda yanzu akwai hanyar Musulunci, uzurin ya raunana. Ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa takardun gaske ya karanta, ba labarin baki ba. Abin da zan ƙara nawa shi ne kada ki sa hannu a abin da zai hana ki barci shekara 30. Kuma ga wani tunani: kaso ƙarami a Shared Ownership, kashi 10 na gidan £180,000, £18,000 ne. Wasu ƙungiyoyin na karɓar mai saye da kuɗi hannu idan ya cika sharuɗɗansu. Da tarinki da na Yaya da ɗan ƙarin lokaci, wannan ba mafarki ba ne, kuma babu banki a ciki sam. Sai dai a tsara shi da kyau saboda iyakar £16,000 ɗin nan.

Kafin nan akwai kuɗin da nake zargin kina bari a ƙasa. £320 a wata ya yi daidai da matsakaicin matakin kulawa na DLA. Wanda ke kula da mai wannan matakin awa 35 a mako yana da haƙƙin kason mai jinya a cikin Universal Credit, £201.68 a wata a 2025/26, kuma wannan kason ba ruwansa da yawan albashinki. A lambobin da kika ba ni ban ga alamarsa ba. Dare nawa kike tashi, asibiti nawa, magani, ruwan sha, lura da zazzaɓi? Ki ƙirga awannin da gaskiya, idan sun kai, ki rubuta a shafinki na Universal Credit yau. Sai Help to Save, asusun tari na gwamnati: £50 a wata na shekara huɗu, gwamnati ta ƙara fene 50 a kan kowane fam, £1,200 ke nan a kan £2,400, kuma asusun ba ya ba da ruwa, ƙarin daga baitulmali yake. Idan kuma jikinki da lafiyar yarinya sun ba da dama, awa biyar a kan talatin ɗin nan zai ƙara wa albashinki sama da £3,000 a shekara. Na san za a cire fiye da rabi daga tallafi, abin da takaici. Amma fam ɗaya na albashi kowane banki na lissafa shi, fam ɗaya na tallafi sai wanda ya ga dama.

Ki nemi rahoton tarihin bashinki daga kamfanonin da ke ajiye shi, Experian da Equifax da TransUnion, kyauta ne a doka. Idan akwai tsohon bashin waya ko na wuta da ya rage da sunanki tun zaman aure, ko asusun haɗin gwiwa da tsohon mijinki da ba a rufe ba, yanzu ne lokacin ganinsa, don tabo na shekara shida a rahoton. Ki tabbata sunanki na cikin rajistar masu zaɓe a adireshin da kike, 'yan Najeriya na da wannan damar a matsayin 'yan Commonwealth, kuma bankuna na dubawa. Ki daina shiga banki-banki da kanki, domin kowace cikakkiyar nema na barin sawu a rahoton. Dillalin bashin gida mai duba kasuwa duka shi ya san wa ke karɓar wane tallafi. Ki duba sunansa a rajistar FCA, ki tambayi kuɗinsa tun farko. Ki je masa da takardun albashi na wata uku, bayanan Universal Credit na wata shida, da wasiƙar DLA. Tambayar da za ki yi masa ita ce nawa zai rage miki a wata bayan an cire kason haya, sannan nawa zai rage shekarar da Abba ya gama kwaleji. Duk dillalin da ya ce ki ƙara wa albashinki gishiri a takarda, ki ɗauki jakarki.

Shi kuma mai gidan, kada ki ce masa e, kada ki ce a'a da baki. Ki rubuta masa cewa kin gode da tayin, kina neman shawara, kuma idan zai sayar wa wani mai hayar gidaje, ke a shirye kike ki ci gaba da zama kina biya kamar yadda kika saba. Ki haɗa da shaidar biyan hayarki na shekarun nan. Ki gaida Yaya, ki nuna masa lissafin nan ya sake bugawa da kansa. Idan takardar tashi ta iso kafin ki gama shiri, ki ɗauki hotonta gaba da baya ki sake rubuto mini.